TUDUN ALLI NA BUTSER: INDA TUMAKI KE TSARON CIYAWA

Manoma, a wannan mako za mu leƙa Ingila, mu duba wani tudu wanda hukuma ta hana a sa masa garma ko takin zamani, amma ba ta hana kiwo ba. Sunansa Butser, yana cikin lardin Hampshire, arewa da birnin Portsmouth. Tsayinsa ƙafa 889 daga bakin teku, shi ne ya fi tsayi a jerin tuddan alli da ake kira South Downs, waɗanda aka mai da su gandun ƙasa a 2010.

Tudun nan cikinsa duk farin alli ne. Asalinsa ɓawon waɗansu ƙananan halittu ne na teku, waɗanda suka taru a ƙarƙashin ruwa shekaru miliyoyi da suka wuce. Ƙasar da ke bisansa kuwa 'yar kaɗan ce, inci kaɗan za ka tona ka iske dutse. Ba ta da ƙarfi, ba ta kuma riƙe ruwa. Manomi ya gan ta sai ya ce fako ne.

To, ga abin mamaki. A irin wannan ƙasa, in aka auna mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, watau kamar wurin shimfiɗa buzu, akan sami tsiro har iri 40. Dalili kuwa shi ne, da ya ke ƙasar ba ta da taki, dogayen ciyayi masu haɗama ba su samun ƙarfin da za su danne ƙanana. Kowa ya sami rana, kowa ya sami wurin tsayawa. A Butser an ƙidaya malam-buɗe-littafi wajen iri 30. Akwai wani mai shuɗin fiffike wanda tsutsarsa ba ta cin kome sai ganyen wani ɗan tsiro dangin wake mai rawayan fure. Tururuwa ke gadin tsutsar, domin wani ruwa mai zaƙi da ke fita daga jikinta. In tsiron ya ɓace, shi ma ya ɓace.

Kada a zaci haka tudun ya ke tun fil azal. Aikin makiyaya ne. Shekaru aru-aru tumaki na kiwo a tuddan nan da rana, da dare a koro su gangare, a kwantar da su a gonakin alkama da sha'ir, kamar yadda Filani kan zauna wa manomi a gona da rani. Gona ta sami taki, tudu ya zauna ba taki, ciyawarsa kullum gajera.

Amma tun daga Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, aka shiga nome tuddan alli domin neman abinci, aka riƙa zuba takin zamani, kiwon tumaki ya ragu. Sa'an nan a 1953 wata cuta ta shiga zomaye, ta kashe kusan dukansu, alhali su ne ke taya tumaki datse ciyawa. Inda aka nome, furannin suka tafi. Inda aka bari ba kiwo, ƙaya da sarƙaƙiya suka rufe. An kiyasta kashi 80 cikin 100 na irin wannan makiyaya ya salwanta a Ingila. Gyara kuwa ba sauƙi, gama wurin da tarakta ta juye a yini ɗaya yakan yi shekaru masu yawa bai komo yadda ya ke ba.

Saboda haka masu kula da Butser ba shinge kawai suka yi suka koma gida ba. Suna sa dabbobi kiwo bisa ƙa'ida, suna sare ƙaya kafin ta yi ƙarfi. Dabbobi in sun yi yawa su cinye fure tun bai zub da iri ba, in sun yi kaɗan daji ya ci tudu.

Har wa yau akwai wani amfani. Ruwan sama kan ratsa alli ya taru a ƙarƙashi, ya ɓullo a maɓuɓɓuga. Mutanen Portsmouth ruwan allin tuddan nan su ke sha. In an cika zuba taki a bisa, wani abu daga ciki yakan bi ruwan.

Jama'a, abin lura a nan shi ne, ba kowace ƙasa aka yi domin garma ba. Wadda ka raina, watakila makiyaya ce mai kyau, in an san yawan dabbar da za ta ɗauka da lokacin da za a ɗaga mata. Kafin ka sa wa tudu garma, tambayi kanka abin da ya ke ba ka a yanzu. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.