Kwalejin da Ke Buɗe Sabon Aji Kowace Litinin Saboda Iyaye Masu Karatu

Uwargida, in kina cikin waɗanda aure ko haihuwa ya katse wa karatu, kin riga kin san abin da ke hana komawa. Lacca ƙarfe takwas na safe, daidai lokacin da kike fama da shirin yara. Yaro ya kwana da zazzaɓi ranar jarrabawa. Ki yi mako uku kina jinya a asibiti, ki dawo a ce zangon ya wuce ki, sai baɗi.

A Amurka akwai makarantun gwamnati da ake kira kwalejojin al'umma. Karatun shekara biyu ake yi, kuɗinsu ya fi na jami'a sauƙi nesa ba kusa ba, kuma galibinsu suna karɓar duk wanda ya gama sakandare. Ta farko, Kwalejin Joliet da ke jihar Illinois, an buɗe ta a 1901. Kusan ɗaya cikin biyar na ɗaliban da ke karatun gaba da sakandare a ƙasar suna da 'ya'ya, mafi yawansu mata ne, kuma kaso mafi girma a irin waɗannan kwalejoji suke. Jill Biden ma a ɗaya daga cikinsu ta koyar da Turanci, ba ta bari ba har bayan mijinta ya hau shugabancin ƙasa.

Wadda ta fi burge ni ita ce Kwalejin Rio Salado a jihar Arizona. Da aka kafa ta a 1978 ba a tsaya gina katafariyar harabar makaranta ba, sai aka riƙa kai darasi inda mutane suke. A 1996 ta fara koyarwa ta intanet. Yau kusan kowace Litinin ana buɗe sabon aji. Wato in haihuwa ta hana mace farawa a wannan wata, bayan ta gama wankan jego sai ta zaɓi wata Litinin ta shiga, ba sai ta jira shekara ta zagayo ba.

Kwalejin Odessa a Teksas kuwa zangon ta raba. A 2014 ta mai da yawancin darussanta na mako takwas maimakon goma sha shida. Ɗaliba ta ɗauki darasi biyu, ta gama, ta ɗauki wasu biyu, maimakon ta rungumi huɗu ko biyar a lokaci guda. Duk uwar da ta taɓa haɗa girki da goyo da bitar jarrabawa za ta gane amfanin wannan. In larura ta taso a tsakiyar shekara, abin da aka riga aka ci yana nan a rubuce, na mako takwas kawai za a yi asara. A jihar Virginia kuma, Kwalejin Tidewater ta fito a 2013 da tsarin karatun kasuwanci wanda ɗalibi ba ya sayen littafi ko ɗaya, duk an tanada kyauta a intanet.

Sai dai kada in yi miki daɗin baki. Masu bincike na Jami'ar Columbia sun bi sakamakon ɗalibai a kwalejojin jihohin Virginia da Washington, suka gano cewa masu ɗaukar darasi ta intanet sun fi yawan janyewa ko samun ƙaramin maki idan an kwatanta da na cikin aji, musamman waɗanda tushen karatunsu ke da rauni. Dalilin ba boyayye ba ne: babu malamin da zai lura kin yi kwana goma ba ki leƙo ba, babu ƙawar da za ta ara miki littafi. Shi ya sa kwalejojin da abin ya karɓa suke horar da malamansu kan yadda ake koyarwa daga nesa, suna kuma ajiye masu ba da shawara da ke neman ɗaliba in an ji ta shiru. Kwalejin Amarillo har rumbun abinci da tallafin gaggawa ta tanada, don ta lura yunwa da kuɗin haya ne ke korar ɗalibai da yawa.

Mu ma nan gida akwai ƙofa makamanciyar wannan. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana da cibiyoyi a jihohi, kuma ba sai da jarrabawar JAMB ake shiga ba. Cibiyar NTI da ke Kaduna ta daɗe tana horar da malamai daga nesa, Jami'ar Ahmadu Bello ma tana da nata sashen.

Kafin ki biya kuɗin fom, ki tambaya: a ina ake zana jarrabawa, kwana nawa take ɗauka? In kin haihu, za a ba ki damar ɗage zango ba tare da an soke gurbinki ba? Wa za ki kira in darasi ya shige miki duhu? Ki lissafa kuɗin data da na cajin waya a cikin kuɗin makaranta, don su ne ke cin mutum a hankali. Sannan ku zauna da maigida tun kafin a fara, ku tsai da awa biyun da za su zama naki a kullum, ko bayan sallar asuba ko bayan yara sun kwanta, a kuma san wanda zai riƙe ƙaramin a makon jarrabawa.