Kan Ɓera da Kan Zomo a Gwanjon Faris

A watan Fabrairun 2009, kamfanin gwanjo na Christie's ya baje kayan marigayi Yves Saint Laurent, fitaccen mai zanen tufafi, a birnin Faris. Cikin kayan akwai kawuna biyu na tagulla, na ɓera da na zomo. A idon yawancin Turawa, kayan ƙawa ne daga Gabas, irin wanda attajiri ke girkewa a falo baƙi su yaba. A Beijing kuwa ran jama'a ya ɓaci matuƙa.

Shekarar 1860 ce ta raba idanun biyu. A Oktoban wannan shekara, ana dab da kammala yaƙin ofiyom na biyu, sojojin Birtaniya da Faransa suka wawashe Yuanmingyuan, fadar sarakunan Sin da ke Beijing, daga baya Lord Elgin na Birtaniya ya ba da umarni aka banka mata wuta. A Sin, tun a makaranta yaro ke haddace wannan labari, kuma kangon fadar na nan har gobe ana zuwa gani. Bature kuwa zai iya zagaya ɗakin kayan Sin na fadar Fontainebleau da ke Faransa, yana sha'awar ƙyallin abubuwan da aka kwaso daga can, ba tare da sunan Yuanmingyuan ya taɓa shiga kunnensa ba. Duk wanda ya san yadda aka kwashe tagullar Benin a 1897 ba sai an fassara masa wannan ciwo ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, rashin sanin tarihin kan hana Baturen ganin hannun ɗan'uwansa ma. Kawunan goma sha biyu ne, na dabbobin da Sinawa ke ƙidaya shekaru da su, an jera su a fadar Yuanmingyuan a matsayin agogon ruwa: kowanne ya fesa ruwa na awa biyu ya miƙa wa na gaba, da tsakar rana kuma su fesa gaba ɗaya. Da hannun Giuseppe Castiglione, ɗan mishan daga Italiya, aka tsara su a zamanin Sarki Qianlong.

Wani ɗan kasuwar Sin, Cai Mingchao, ya taya kawunan biyu a kan fiye da Yuro miliyan 30, aka sallama masa, ya ce atafau ba zai biya ba. Sai a 2013 iyalan Pinault, masu kamfanin Christie's, suka mayar da su Beijing kyauta. Bakwai ke nan sun koma gida, saura biyar.