Kafin ka sayi gona, nemi takarda

Ƴan uwa manoma da makiyaya, rigimar gona ta raba zumunci a garuruwa da yawa. Mutum ya sayi gona, ya zuba taki, ya shuka hatsi. Damina ta kama, sai ga wani ya taso ya ce gadon ubansa ce. Ga kuɗi sun tafi, ga wahala ta tashi a banza.

Wannan damuwa har Amurka akwai ta. Can, kafin a biya kuɗin gida ko fili, lauya ko wani mai bincike yana duba tsofaffin takardu. Wa ya mallaki filin da farko? Akwai bashi a kansa? Akwai magajin da aka manta? Amma mai bincike ma yana kuskure. A shekarar 1868 wata kotu ta jihar Pensilbaniya ta yanke shari'ar wani da ya sayi fili, ashe da bashi a kansa, filin ya kuɓuce mishi. Kotu ta ce mai binciken ba zai biya ba. Shi ya sa a 1876 aka kafa kamfanin inshorar fili na farko a birnin Filadelfiya. Mai saye yana biya sau ɗaya. In wani ya fito da hakki na da can, kamfani ya ɗauki lauya, kuma ya biya hasara.

Mu a karkarar Nijar, garkuwarmu ita ce shaidu da takarda. Dokar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo. A ƙauye, mai gari ne shugaban kwamitin. Can ake samun takardar saye, ta kyauta, ta aro, ta haya da ta jingina.

Saboda haka, kafin ka miƙa kuɗi, tambayi maƙwabtan gonar. Ku zagaya iyaka tare. In gonar gado ce, sai duk magada sun yarda, maza da mata. Kada ka sayi burtali ko makiyaya, don ta jama'a ce. A rubuta ciniki gaban mai gari, shaidu su dangwala yatsa.

In rigima ta taso, a fara neman sulhu wajen mai gari da sarki. In ya faskara, sai gaban alƙali, kuma can lauya yana iya tsaya maka. Amma takarda ce za a fara tambayar ka. Adana ta inda gara da ruwa ba su kai.