Aikin John Donoghue kan Haɗa Ƙwaƙwalwa da Na'ura

In mutum ya yi nufin ɗaga hannunsa, umurnin yakan fito ne daga wani yanki na saman ƙwaƙwalwa, ya gangara ta lakar gadon baya, sa'an nan ya bi jijiyoyi ya isa ga tsoka. Umurnin nan kuwa ba kome ba ne illa ɗan motsin lantarki wanda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su ke bugawa, kamar yadda ma'aikacin gidan waya ya ke buga tangaraho. To, in laka ta tsinke a wuya, saƙo ba shi da hanyar wucewa, sai jiki ya shanye. Abin da masana suka daɗe ba su tabbatar ba shi ne, ko mai bugun yana nan yana ta bugawa bayan waya ta yanke, ko kuwa ya gaji ya bari. Amsar wannan tambaya ita ce babban abin da John Donoghue, shaihun malami a Jami'ar Brown ta Amurka, ya ƙara wa ilmin ƙwaƙwalwa.

Ba shi ya fara sharar hanya ba. Tun cikin 1924 wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya ɗauki motsin lantarkin ƙwaƙwalwar mutum. Amma saurare daga bayan ƙoƙon kai kamar sauraron kasuwa ne daga bayan ganuwa, a ji dirinta, ba a jin maganar kowa. Sai an matsa kusa da ƙwayoyin su da kansu. Richard Normann na Jami'ar Utah shi ya ƙera abin da ya sauƙaƙa wannan, watau wani ɗan faifai mai faɗin milimita 4, bai kai ƙwayar masara ba, da 'yan allurai 100 tsaitsaye a kansa, waɗanda a ke kafawa a saman ƙwaƙwalwa. Da shi ne Donoghue da almajiransa suka nuna, cikin 2002, biri yana iya juya 'yar alama a fuskar kwamfuta da motsin ƙwaƙwalwarsa kaɗai.

Amma fa lakar birin nan lafiya lau ta ke, saboda haka tambayar tana nan. Cikin 2004 aka dasa faifan a kan wani saurayi wanda aka soka da wuƙa a wuya shekara uku kafin nan, kome nasa daga kafaɗa zuwa ƙasa ya shanye. Aka ce ya raya a zuciyarsa yana motsa hannu. Nan da nan sai ga ƙwayoyin suna bugawa, kowace da tata jiha, wata ta fi ƙarfi in ya nufi dama, wata in ya nufi hagu. Kwamfuta ta tattara bugunsu ta lissafa inda rinjaye ya ke, ta kai alamar can. Da wannan saurayin ya buɗe wasiƙunsa, ya sauya tashar talabijin, har ya buɗe yatsun hannun roba ya rufe. Aka buga labarin a mujallar Nature cikin 2006, da sunan Leigh Hochberg a gaba, gama aikin na taron mutane ne, ko da ya ke Donoghue ne jagoransu.

Abin da ya fi wannan ban mamaki ya zo cikin 2011. Wata mata wadda bugun jini ya shanye wa jiki kusan shekara 15, har ba ta iya magana, ta sarrafa hannun ƙarfe da tunaninta, ta ɗauko gorar kofi ta kai bakinta ta sha. Faifan kuwa ya shekara biyar a kanta. Ashe shekarun nan duka umurni yana fita, hanya ce kawai babu.

Kada dai mai karatu ya ɗauka an sami maganin shanyewar jiki. A gwaje-gwajen nan akwai wani ɗan turke a ƙoƙon kai wanda waya ta ke fita daga cikinsa, kuma sai ma'aikaci ya zo ya daidaita na'ura kafin a soma. Jiki kuma yakan yi tabo kewaye da alluran, har bugun ya riƙa raunana a kwana a tashi. Kamfanin Cyberkinetics, wanda Donoghue da abokansa suka kafa cikin 2001 don su kai abin kasuwa, kuɗi suka yanke masa ya durƙushe. Sai jami'o'i da asibitoci suka ɗauki gwajin, mai suna BrainGate, suka ci gaba da shi a ƙarƙashin Hochberg daga 2009. A cikinsa ne masanan Jami'ar Stanford suka ba da labari, cikin 2021, wani mutum mai shanyayyen jiki ya raya a zuciyarsa yana rubutu da alƙalami, kwamfuta tana fitar da haruffa wajen 90 a minti guda.