Alƙalami da Tarbiyya: Abin da Marubucin Jos Ya Tsinto a Tsakar Gida

A cikin shekarar 2016, sa'ad da aka ba Abubakar Adam Ibrahim babbar kyautar adabi ta Nijeriya wadda kamfanin gas na NLNG yake ɗaukar nauyinta, mai darajar dala dubu 100, mutane da yawa sun nemi littafin da ya jawo masa wannan ɗaukaka, watau Season of Crimson Blossoms, sai suka tarar da labarin wata gwauruwa ce mai shekara 55, Hajiya Binta Zubairu, wadda mijinta ya rasu a rikicin Jos, ta koma zama kusa da Abuja tana riƙon jikarta da wata 'yar danginta. Ko da yake an fi yin ka-ce-na-ce a kan alaƙar da ta shiga tsakaninta da wani matashin ɗan daba mai suna Reza, duk wanda ya yi wa littafin karatun natsuwa zai ga cewa tushen al'amarin yana can wajen tarbiyya.

An haifi marubucin nan a Jos a 1979, ya kuma yi karatun aikin jarida a Jami'ar Jos, a garin da haƙar kuza ta haɗa Birom da Afizere da Anaguta da Hausawa da Fulani da Yarbawa da Ibo a kasuwa ɗaya. Yaron da ya tashi a irin wannan wuri, kunnensa yana jin harsuna dabam-dabam tun bai mallaki hankalinsa ba, sa'an nan ya ga yadda fitinar 2001 da ta 2008 da ta 2010 suka raba maƙwabci da maƙwabcinsa, lalle ba zai rasa abin faɗa ba. Sai dai hikimarsa ita ce, bai tsaya ƙidayar gawarwaki ba, ya bi fitinar har cikin ɗaki, ya nuna abin da take bari a zuciyar yarinyar da aka kashe 'yan'uwanta a gabanta, ta girma tana firgita cikin barci.

Abin da ya fi ratsa zuciya a littafin shi ne kunyar ɗan fari. Al'adarmu ta hori uwa da kada ta kama sunan ɗanta na fari, kada ta yi masa wasa a gaban mutane, har wani lokaci kaka ko gwaggo ce take ɗauke shi bayan yaye. Babu shakka magabata ba su kafa wannan don ƙiyayya ba, domin kawaici da alkunya ado ne ga ɗiya mace a gidan surukai, kuma riƙon dangi yana ƙarfafa zumunci. Amma Binta ta yi biyayya ga al'adar nan har ɗanta na fari ya girma bai san ɗumin uwa ba, ya faɗa cikin miyagun abokai, ajali ya riske shi ba ta taɓa nuna masa abin da ke ranta ba, nadamar kuwa ta zauna mata har tsufa. Marubucin bai yi wa kowa wa'azi ba, ya dai ajiye tambayar a gaban iyaye: ina haddin da kunya take tsayawa, haƙƙin ɗa ya fara? Malamanmu kuwa sun daɗe da karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan sumbaci jikokinsa a bainar jama'a, ya kuma ƙi yarda da wanda ya ɗauki rashin yin haka abin alfahari.

Irin wannan fahimta ba ta samuwa sai da doguwar lura da kuma ɗabi'ar zama a rubuta kullum. Abubakar ya yi shekaru yana aiki a jaridar Daily Trust, inda ba a jiran ilhama, domin ko marubuci yana cikin nishaɗi ko ba ya ciki, dole shafi ya cika kafin na'urar ɗab'i ta tashi. Kafin fitowar littafin nan, ya ci gasar wasan kwaikwayon rediyo ta BBC a 2007, ya fitar da tarin gajerun labarai The Whispering Trees a 2012, wanda labari ɗaya daga ciki ya kai zagayen ƙarshe na kyautar Caine a 2013, bayan Season of Crimson Blossoms kuma When We Were Fireflies ya fito a 2023. Aikin marubuci ya yi kama da na mai wankin kuza a bakin rafi, wanda yakan wanke ƙasa kwano bayan kwano kafin ɗan abin da yake nema ya kwanta a ƙasan kwanon.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a adabinmu. Alhaji Abubakar Imam, wanda ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, shi ma ya haɗa jarida da hikaya, kuma ya gina Magana Jari Ce a kan tarbiyya, tun daga aku mai tsare ɗan sarki Musa da labarai don kada ya fita ya halaka, har zuwa inda akun yake koya wa ɗansa Fasih zaman duniya.

Saboda haka, matashin da ke Unguwar Rogo ko Gangare a Jos mai burin rubuta littafi, tare da ɗawainiyar kasuwa ko aji ko goyo, kada ya ɗauki iyalinsa a matsayin abin da ke tare masa hanya, domin a wurinsu zai koyi yadda mutum yake fushi da yadda yake haƙuri. Ya keɓe sa'a guda bayan sallar asuba, ya dawwama a kanta ko da shafi ɗaya ne, gama aiki kaɗan mai ɗorewa shi ne wanda shari'a ta yaba. Iyaye kuma su ba 'ya'yansu littafi, su saurari labarin da yaro ya zo da shi daga makaranta har ya kai ƙarshensa, ɗan fari da auta baki ɗaya, domin amana ce da za a tambaye su a kanta.