Yadda mai zane yake nisanta itace da launi

A ƙasar Agiye da Gazawa da Gidan Runji babu tudu mai tsawo da zai tare ido. Fili ne shimfiɗe, gonakin hatsi da itatuwan gawo, sai kaba da goriba a kwarin gulbi. Wanda zai zana irin wannan ƙasa, a bangon lakwal ko a takardar yaƙi da jahilci, yana da aiki babba: dole ya nuna wa mai kallo wane itace ke kusa, wane ke nesa.

Sabon shiga yakan ƙanƙanta itacen nesa kawai, ya shafa masa tsanwa iri ɗaya da na kusa. Manomi kuwa in ya duba sai ya ce tsiro ne. In hoton na koyar da barin ƴan itatuwa a gona ne, kamar yadda mutanen Ɗan Saga suka shahara da yi, to darasin ya karkace tun a idon mai kallo.

Maganin yana cikin gwangwanin fenti. Shuɗi da ɗorawa su ke ba da tsanwa. Itacen kusa a ba shi tsanwa mai ƙarfi, a sa ɗigon ja domin inuwa ta yi duhu. Kowane taki aka yi baya, a ƙara fari, a rage kaifin reshe, har na can ƙarshe ya kusa narkewa cikin sama. Baƙi dai a yi hattara da shi, yana kashe launi.

Leonardo da Vinci, mai zanen Italiya da ya rasu a Faransa a 1519, ya koyar cewa abin nesa shuɗi-shuɗi yake komawa, saboda iskar da ke tsakani. Da damina maganarsa ta zauna daidai a gulbin Maraɗi. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin hazo, nesanmu ruwan toka ne mai ɗan ja-ja, don haka farin sai a gauraya shi da ƴar jar ƙasa maimakon shuɗi. A kuma tuna halin gawo: da rani yake ganye, da damina ya zubar. Wanda ya zana shi kore shar a tsakiyar hatsi mai kai, manoman Tibiri za su yi masa dariya.