Kafin a Sa Kyamara da Jiniya a Gida da Gareji

Duk wanda ke karatu a poli ya san wannan: da zarar ka shiga sashen lantarki ko na kwamfuta, ko a ND 1 kake, a gida ka zama injiniya. Fanka ta tsaya, kai za a kira. Waya ta ƙi caji, kai ne. Yanzu an ƙaro mana wani aikin. Baba ko Yaya zai ce, "Ina so a sa kyamara a gidan nan, wace iri za mu saya?" Wasunmu kuma muna zaune a gidajen haya a wajen makaranta, babur a zaure, kwamfuta a ɗaki, muna aji hankalinmu na gida.

Na yi SIWES ɗina ne a wajen masu haɗa irin waɗannan kaya, kuma abin da na fi lura da shi shi ne yawancin masu saye tambaya ɗaya suke yi: "Megafiksel nawa ce?" Alhali akwai tambayoyi uku da suka fi ta nauyi. In an ɗauke wuta, kayan za su ci gaba da aiki? Ina hoton yake zuwa ya zauna? In abu ya faru da ƙarfe biyun dare, wa zai ji, kuma wa zai fito? Wanda ya amsa waɗannan kafin ya shiga kasuwa, da wuya a cuce shi.

Kyamara shaida ce, jiniya ce mai kora

Kyamara ba ta hana ɓarawo ɗaukar babur. Abin da take yi shi ne ta nuna maka da safe yadda aka ɗauke shi. In ba wanda ke kallonta a lokacin, ihu bayan hari ke nan. Jiniya kuwa aikinta a kan kari yake: tana tashin mutanen gida da maƙwabta, tana kuma rage wa ɓarawo lokaci. Ta waje mai kyau ƙararta tana kai desibel 110 ko fiye, ba wanda zai tsaya ya ci gaba da ɓalle kwaɗo cikin natsuwa.

Don haka in kuɗin bai kai a sayi duka ba, shawarata a jera su kamar haka: a fara da ƙofa mai ƙarfi da kwaɗo na kirki, sai fitilar waje, sai jiniya da sensocinta, sannan kyamara. Sa kyamara mai tsada a kan ƙofar da yaro zai banka da ƙafa, asarar kuɗi ce kawai.

Zana gidan tukuna

Ɗauki biro da takarda ka zagaya gidan. Ina babbar ƙofa? Ina ƙofar gareji? Ta ina katanga ta fi gajarta, ko akwai bishiya ko tankin ruwa da za a taka? Ina aka ajiye janareto da batiran sola? Shi wannan zanen ne zai gaya maka yawan kyamarorin da ake buƙata. Gida matsakaici yakan wadatu da huɗu: ƙofar shiga, ƙofar gareji daga waje, cikin gareji, da bayan gida.

A kafa kyamara a tsayin mita biyu da rabi zuwa uku. In ta yi ƙasa, hannu zai kai gare ta. In ta yi sama da yawa, hula da tsakar kai kawai za ka riƙa gani, ba fuska ba. Kada a fuskantar da ita gabas ko yamma kai tsaye, don rana za ta kashe mata ido da safe ko da la'asar.

Wace irin kyamara?

Iri uku za ka tarar a kasuwa. Na farko, masu kebul da ake haɗawa da akwatin da ake kira DVR. Su ne suka fi araha, kuma kusan kowane mai gyara ya iya su. Na biyu, masu tafiya a kan kebul ɗin intanet zuwa akwatin NVR. In masu PoE ne, kebul ɗaya ke ɗaukar hoto da wuta gaba ɗaya, amma kada tsawonsa ya wuce mita 100. Na uku, masu Wi-Fi, har da masu ƙaramin faifan sola da gurbin layin waya.

Masu Wi-Fi suna da sauƙin sawa, shi ya sa suka dace da ɗan haya da mai gida ba zai bar shi ya fasa bango ba. Sai dai bulo da ƙofar ƙarfe suna cinye sigina, kuma gareji yawanci duka biyun gare shi. In gidan naku ne, a ja kebul, a saka shi cikin bututu yadda ɓera ko almakashi ba za su same shi ba. In garejin yana nesa da gida, kamar shago a bakin titi, mai sola da layin waya ita ce mafita.

A kan megafiksel, 1080p na nufin kusan megafiksel 2, ita kuwa 4K megafiksel 8 ce. A ƙofar da mutum zai wuce mita uku ko huɗu daga kyamara, 2 ko 4 sun isa. Abin da mutane ba sa dubawa shi ne gilashin idonta. Mai 2.8mm tana ɗaukar fili mai faɗi amma fuskar da ke nesa takan zama 'yar mitsitsiya. Mai 4mm ko 6mm filinta ya fi ƙanƙanta, amma tana jawo fuska da lambar mota kusa. Cikin gareji, mai faɗi. Bakin ƙofa, mai jawowa.

Wadda za ta zauna a waje a duba jikinta ko kwalinta a ga IP66 ko IP67. Lambar farko, wato 6, tana nufin ƙura ba ta shiga, ta biyun kuma ƙarfin jure ruwa ce. Ga mu da hunturu da damina, wannan ba ado ba ne. Sannan a gwada ta da dare kafin a gama biya, don sata dai da dare aka fi yin ta. Hasken infrared da take gani da shi a duhu yana dawowa ya dame hoton in ya bugi gilashin taga, ko farin bango na kusa, ko yanar gizo-gizo. Tsumma mai laushi sau ɗaya a mako lokacin ƙura yana maganin rabin matsalar.

Lissafin wuta

Nan ne gizo ke saƙar. Ɓarawo ya fi son daren da unguwa ta yi duhu, wato daidai lokacin da kyamarar da ta dogara da wutar gari take barci. Mu yi lissafi irin na aji. A ce kowace kyamara tana jan wat 6 da dare, huɗu sun zama 24. Akwatin ajiya wat 15, rauta wat 6. Jimla wat 45. A dare mai awa 12 ana buƙatar 540Wh. Batir mai 12V da 100Ah yana ɗauke da 1,200Wh, amma in irin na dalma ne ba a so a sha fiye da rabinsa, don kada ya mutu da wuri. Saura 600Wh, wato da ƙyar zai kai asuba, kuma ba mu cire abin da inbata ke ci ba. Ƙaramar UPS irin ta kwamfuta kuwa mintoci take riƙewa, ba dare ba.

Saboda haka kuɗin batir da cajarsa, ko faifan sola, yana cikin kuɗin kyamara tun farko. Kuma kada a haɗa su layi ɗaya da talabijin da fanka, don kafin sha biyu yara sun shanye cajin. A ƙara da abin kare kaya daga wuta mai ƙarfi da tsawa, musamman a farkon damina.

Ina hoton yake zama?

Kyamarar da ke aika megabit 2 a daƙiƙa tana cika gigabait 21.6 a kwana. Huɗu sun zama 86.4, ke nan ma'ajiya mai 1TB za ta riƙe kwana goma sha ɗaya da 'yan awoyi kafin sabo ya fara goge tsoho. In akwatin yana da tsarin H.265, ko aka saita shi ya ɗauka sai in an yi motsi, kwanakin za su ƙaru sosai. Wannan lissafi yana da muhimmanci ga wanda zai tafi hutun zango ya bar ɗaki wata guda. A nemi ma'ajiyar da aka ƙera don aikin dare da rana, irin su WD Purple ko Seagate SkyHawk, ba tsohuwar da aka ciro daga kwamfuta ba.

Akwatin kansa a ɓoye shi. Ajiye shi a falo ƙarƙashin talabijin kamar dikoda kuskure ne, don wanda ya shigo zai haɗa da shi ya tafi da shaidar. Haka ma kyamara mai katin memori: in an cire ta, an tafi da hoton. Ajiya a intanet tana maganin wannan, amma tana cin data da kuɗin wata. Hanya ta tsakiya ita ce a ajiye komai a gida, a saita manhaja ta turo hoto waya in an ga motsi. A kuma tabbata kwanan wata da agogon akwatin daidai suke, don hoton da ke nuna shekarar da ba ita ba yana raunana shaida a gaban hukuma.

Jiniya, da abin da ya bambanta gareji

Tsarin jiniya sassa uku ne: sensoci, akwatin da ke karɓar saƙonsu, da ita mai ƙarar. Sensa mafi sauƙi kuma mafi aminci ita ce ta maganaɗisu da ake liƙawa a ƙofa ko taga; da an buɗe, ta sanar. Ƙofar gareji ta ƙarfe tana da tata mai kauri, ita za a nema. Sai sensar motsi, PIR, wadda zafin jikin abu mai motsi take ji. A nan garejinmu ke ba da matsala. A watan Afrilu, ƙarƙashin rufin kwano, zafi yakan kai ko ya wuce digiri 37 na jikin mutum, sai sensar ta rage ji. Injin motar da aka kashe yanzu, ko kyanwa, ko akuya, kuma suna iya tayar da ita a banza. Maganinsa shi ne sensa mai hanya biyu, wadda sai ta ji zafi ta kuma ji motsi ta hanyar igiyar rediyo kafin ta yi ƙara.

Kada a raina ƙarar banza. Jiniyar da ta tashi unguwa sau uku saboda kyanwa, ran da ɓarawo ya zo kowa juyawa zai yi ya ja bargo. Akwatin ya kasance yana da batirinsa da layin waya da zai kira lambobi biyu ko uku. A riƙa sa wa layin kati ana amfani da shi, don layin da aka daɗe ba a taɓa ba rufe shi ake yi. A kuma yi magana da maƙwabta da 'yan sintirin unguwa tun kafin a kafa, su san ƙarar da abin da za su yi. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, a ajiye ta tare da ta ofishin 'yan sanda mafi kusa. Kuma don Allah, in waya ta nuna maka mutum a gareji, kada ka fita kai kaɗai. Babur ana sake saye.

In ana ajiye fetur a gareji, a ƙara da sensar zafi saboda gobara. Janareto kuwa kada a kunna shi a gareji a rufe, don iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari balle launi.

Kalmar sirri da mutuncin mutane

A watan Oktoba na 2016, wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta yi amfani da ɗimbin kyamarori da akwatunan DVR wajen kai hari kan kamfanin Dyn na Amurka, har shafuka irin su Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga mutane da yawa. Ba wata dabara mai zurfi ta yi ba, kalmomin sirrin da kayan suka fito da su daga masana'anta kawai ta riƙa gwadawa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ranar da aka gama haɗawa, mai gida ya canza kalmar sirri da hannunsa, asusun manhajar kuma ya zama da lambarsa ko imel ɗinsa, ba na mai haɗawa ba.

Ga mu masu koyon aikin, wannan amana ce. Gidan Bahaushe yana da cikin gida, inda ba kowa ke shiga ba. Kyamara ta tsaya a ƙofa, zaure, gareji da katanga; ba ta da hurumi a tsakar gida inda iyali ke sakewa, balle ta leƙa gidan maƙwabci. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin mutane da gidajensu. A gidan haya na ɗalibai, a nemi yardar mai gida da ta sauran 'yan haya, kuma kowa ya san wa ke iya kallon hoton.

Ranar karɓar aiki

Kafin a biya cikon kuɗi, a yi gwaji huɗu. A kashe wutar gidan daga babban makunni, a ga ko komai na aiki. A sa wani ya wuce ta ƙofa da dare, a duba ko za a gane fuskarsa. A buɗe ƙofar gareji, a ji ko jiniya ta tashi kuma waya ta yi ƙara. A nemo hoton jiya a kwafe shi a filashi, mai gida yana kallo har ya iya da kansa. A karɓi rasit da takardar garanti. In mai haɗawa ya ce "ai ba sai an gwada ba, Alhaji," a riƙe kuɗin sai an gwada.

Wanda Baba ya tambaya wace kyamara za a saya, ya fara da zagaya gidan da takarda, ya lissafa wuta da ajiya, sannan ya shiga kasuwa. Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu.